Filin Makanike: Fijo 504 Ta Samu Sabon Inji, Saura Ƙafafu

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Na gaji Peugeot 504 salun ta mahaifina, Allah ya ji ƙansa, haɗin Kaduna ce ta 1984. Shekara 11 ta yi a ajiye ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidanmu. Bara na tashe ta. An gyara jiki an yi fenti, an sauke tsohon injin an ɗora mata na 505 mai lita 2.2 da giya biyar. Yanzu tana gudun da ban taɓa jin ta yi ba ko a hannun Baba. Abin da ya rage shi ne ƙafafu. Na ga wasu wili na alminiyam masu inci 17 sun shiga raina. Mai shagon ya ce ramukansu ba su dace da nawa ba, amma za a sa adafta ko a faɗaɗa ramukan. Wani abokina kuma ya ce in cire gangar birkin baya in sa faifai. Kuɗin hannuna ba zai ɗauki duka ba. Da wanne zan fara?

Ɗanka, daga Tudun Wada, Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Wasiƙarka ta faranta mini rai, don a kan 504 na koyi riƙe sifana, a wani gareji da ke Kakuri, a shekarun da motocin nan ke fitowa fil daga PAN, kamfanin haɗa Fijo na Najeriya. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma ba a daina yin 504 a can ba sai 2006, bayan Faransa kanta ta daɗe da barinta. Duk wanda ya tashe ɗaya daga cikinsu, ina yi masa kallon wanda ya gyara gidan gado.

Ka bar wilin nan inda ka gan shi tukuna. Da birki za ka fara, sai taya, wili ya zo a ƙarshe idan kuɗi ya ragu. Ga dalilina.

Injin da motarka ta zo da shi, mai lita 2, ƙarfinsa bai cika doki 100 ba. Na 505 mai lita 2.2, idan irin na GTI ne mai injekta, yana kai 130. Ka ƙara mata ƙarfin tafiya, amma ƙarfin tsayawa yana nan yadda aka bar shi tun 1984, kuma ya yi shekara 11 yana shan damina da rani. Abin da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne, aikin birki ba kafaɗa da kafaɗa yake hawa da gudu ba. Motar da ke tafiyar kilomita 140 a awa, zafin da birkinta zai sha kafin ta tsaya ya kusa ninka na mai tafiyar 100 sau biyu. Mahaifinka wataƙila bai cika wuce 100 a hanyar Kano ba. Kai kuwa da giya biyar, 140 za ta zo maka ba ka ankara ba. Daidai ruwa daidai tsaki: tunda ka ƙara inji, birki ne ya fara cancantar kuɗinka.

Ba sai ka sayo wani abin a zo a gani ba. Ka fara da mayar da abin da ke jikinta yadda yake ranar da ta fito. Tiyon roba da ke kai mai zuwa kowace ƙafa, a canza su duka, ko da sun yi kyau a ido. Daga ciki suke kumbura, sai mai ya tafi ya kasa dawowa, ƙafa ɗaya ta riƙe, motar ta riƙa ja gefe in an taka. Bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashi a bi su da hannu ana duba tsatsa, musamman wurin da aka ɗaure su da jikin mota. A kwance masta, wato famfon da ke tura man birki, a kwance kalifa ta gaba, wato abin da ke matse faifai, a ga ko fistin ɗin yana shiga yana fita ba tare da an doke shi ba. A auna kaurin faifan gaba. Kowane faifai yana da iyakar kaurin da masana'anta ta yanka masa, in ya kai nan ba a sake kai shi wajen mai injin yanka, sabo ake saye. A zubar da tsohon man birki kaf, a zuba DOT 4 daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi bayan an canza inji. Tukunyar nan baƙa da ke bayan masta, wadda ke sa birki ya yi laushi a ƙafa, daga inji take samun iskar da take aiki da ita. In an ɗora sabon inji aka haɗa tiyonta a gurguje, ko bawul ɗinta ya mutu, za ka ji birki kamar dutse ranar da ka fi bukatarsa. Ka gwada da kanka: inji a kashe, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai, ka tayar da mota. In feda ya ɗan sauka ƙasa, tukunyar tana aiki. In bai motsa ba, a koma kanta.

Batun abokinka da faifan baya. Gaskiya ne 504 ta farko, wadda ta fito a 1968 ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, faifai gare ta a ƙafa huɗu. Amma masu dogon baya da a-kori-kura da salun ɗin da ke da miƙaƙƙen gatari a baya, ganga aka sa musu, kuma da gangar nan suka yi shekara da shekaru suna jigila tsakanin Kano da Legas. Mafi yawan aikin tsayawa ƙafafun gaba ke yi, don nauyin mota gaba yake zubawa in an taka birki. In ka ƙara wa baya ƙarfi ba tare da lissafi ba, tayoyin baya za su riga na gaba daskarewa, kuma motar da bayanta ya daskare juyawa take yi a kan titi. Motarka ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya daskarewa in an taka birki, balle ta cece ka. Abin da take da shi wani ƙaramin bawul ne a ƙarƙashi wajen baya, mai ɗan hannu da sifirin, da ke rage wa birkin baya ƙarfi in ba kaya, ya ƙara in an yi lodi. Na sha ganin an cire shi an haɗa bututu kai tsaye don yana yoyo. Ka sa a duba naka yana nan, kuma hannunsa yana motsi. Ganga mai sabon lainin da sabuwar silinda, wadda aka daidaita da kyau, ta ishe ka, kuma birkin hannunta ya fi riƙewa a gangara. In kana son ƙari na gaske, a gaba za ka nema. Wasu 505 masu babban inji sun zo da faifai mai ramin iska a tsakiya, wanda ke saurin hucewa. In ka samu cikakken saiti, faifai da kalifarsa tare, kuma makanike ya gwada ya ga sun zauna ba tare da walda ko fiƙe ƙarfe ba, to wannan kuɗi ne da ya tafi wurin da ya dace. Amma ban yarda a yi walda a kan abin da ke riƙe kalifa ba, ko wane ne mai waldar.

Yanzu taya. Salun 504 da 175 R14 take zuwa, wato 175/80 R14 a rubutun yau. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a lissafin kashi cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman wili a inci. In ka buga lissafi, gefen tayar milimita 140 ne, tsayinta gaba ɗaya kuwa kusan 636. Wannan 636 ɗin ka riƙe shi a ka. A kansa aka auna malejin gudu da giya da tazarar da ke tsakanin taya da madigadi. Duk tayar da za ka saya, kada ta kauce masa da fiye da kashi biyu ko uku cikin ɗari.

Wilin da ya shiga ranka, mai inci 17, tayar da za ta hau shi ta shiga ƙarƙashin motarka irin 215/45 R17 ce. Gefenta milimita 97. Ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na robar da ke tsakaninka da ramin titi. To, ɗana, me ya sa aka so 504 a ƙasar nan? Don tana shanye rami ne. Dogon shokozoba da sifirin mai laushi da taya mai tsayin gefe, su uku suke aiki tare. Da wannan halin ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, a hanyoyin da ba kwalta. In ka sa mata siririyar taya, duk dukan da roba ke shanyewa zai koma kan boris da bushin da jikin mota mai sama da shekara 40. Rami ɗaya a hanyar Funtuwa ya isa ya lanƙwasa wili ya tsaga gefen taya. Ga nauyin sitiyari, in taka ba mai fawa ba ce, don taya mai faɗin 215 sai ka sa hannu biyu kafin ka juya ta a wurin fakin.

In za ka zauna a kan inci 14, wanda ni shi na fi so a idona don shi ne kamannin motar, 175/80 ta fara wuya a kasuwa. 185/70 R14 tana samuwa, tsayinta kusan 615, sai dai ta ɗan haura kashi ukun da na faɗa, motar za ta sauka da kamar santimita ɗaya, maleji kuma ya riƙa nuna gudun da ya ɗan fi na gaskiya. 195/70 R14 ta fi kusa, kusan 629, amma a tabbatar faɗin wilinka zai ɗauke ta. Direbobin tasha suna son 185 R14C, tayar bas, saboda tana jure lodi. A salun ɗin da ba haya take yi ba ban ba ka shawararta ba, gefenta tauri gare shi, za ka ji kowane tsakuwa a bayanka. In kuwa inci 15 ne, an yi sa'a: 195/65 R15 tsayinta kusan 635 ne, kamar don 504 aka yi ta, kuma kowane shagon taya daga Zariya har Damagaram yana da ita saboda Corolla da Golf. Ka duba lamba da harafin da ke bin bayan girman, misali 91H. 91 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615, H kuma gudun kilomita 210. Da injinka, kada ka sauka ƙasa da H.

Saura ramukan wili, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Ramukan 504 huɗu ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140. Motoci kaɗan ne a duniya ke da wannan awo: 505 da 604 da tsofaffin Subaru. Na 406 huɗu ne a kan 108, na Golf 3 a kan 100, na Honda Accord ta farkon shekarun 1990 a kan 114.3. Ba ɗayansu da zai hau. Faɗaɗa rami da mai shagon ya faɗa maka, kada ka yarda ko kyauta ne. Noti yana da mazauni a jikin wili, a nan yake kamawa ya tsayar da wilin a tsakiya. In an ci ramin da fayil, notin yana riƙe da gefe ɗaya ne, kuma da tafiya ta yi tafiya zai saki. Shekarun baya an jawo mini wata 505 da ƙafar gabanta ta fita bayan Kwanar Dangora. Adafta ce aka yanka daga ƙarfen da ba a san asalinsa ba, ƙusoshi biyu suka karye a lokaci ɗaya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mai motar ya daɗe yana jinyar kafaɗa. Akwai adafta ta kirki da ake yi a injin awo, amma ko ita tana tura wili waje da kaurinta, ta ƙara wa boris wahala, ta sa taya gogar madigadi a kwana.

Hanya mai sauƙi ita ce wilin 505, na ƙarfe ko na alminiyam, a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da makanikenka da motar, a ɗora a ƙafar gaba, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a ga bai taɓa kalifa ko shokozoba ba. Ka kula da abu ɗaya: wasu wilin alminiyam na 505 da 604 na tsarin TRX ne na Michelin, awonsu milimita 390, ba inci 15 ba ne ko da yake sun yi kama. Tayar inci 15 ba ta hawa su, wanda ya tilasta kuwa yana wasa da ransa. Ka karanta rubutun da ke jikin wilin, ka ga 15 da idonka. Ka karɓi notocinsa tare da shi, don mazaunin notin alminiyam daban yake da na ƙarfe, kuma a tabbatar ƙusa ta shiga cikin noti aƙalla gwargwadon kaurinta. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure su.

Ni da motar tawa ce, wilin ƙarfenta na asali zan kankare, a miƙe shi, a fesa masa ruwan azurfa, in nemo murafunsa masu tambarin zaki. In ka gama, ka zo da ita Kaduna in ji ƙarar injin.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ina da 504 mai dogon baya da nake kai iyali ƙauye da ita. Ana kawo tayoyi na hannu daga Kwatano, zanensu kamar sabo, kuɗinsu bai kai rabin sabuwa ba. Mene ne aibinsu?

Mai karatu, daga Maraɗi

Amsa

Barka kadai, ɗan'uwa. Na san halin da ake ciki, sabuwar taya ta yi tsada. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa, kuma farashinta yana bin canji. Don haka ba zan ga laifin wanda ya leƙa wajen na hannu ba. Sai dai zane ba shi ne lafiyar taya ba. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe, ta daina kama titi, wayoyin cikinta su fara rabuwa da ita.

Ka nemi rubutun DOT a gefen tayar, ka bi shi zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, ka ajiye ta. Michelin da kanta tana cewa taya in ta shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko yaya zanenta yake. Wannan ga ƙasashen da ba su san zafin Afrilu na Maraɗi ba ke nan, inda inuwa ma takan wuce digiri 40, balle kwalta da tsakar rana.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. Da yawa daga tayoyin nan masu zurfin zane na hunturun Turai ne. Za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa, da ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen. Robarsu an haɗa ta ne don ta yi laushi a sanyin da ruwa ke daskarewa. A titinmu tana cinyewa da wuri, kuma tana ƙara wa mota nisan tsayawa. Shi ya sa zanensu ke da kyau: a watannin hunturu kawai ake taka su a can, sauran lokacin suna ajiye suna tsufa.

In ba makawa sai ta hannu, ka zaɓi wadda ba ta wuce shekara 4 ba, ba ta hunturu ba, ka juya cikinta a rana ka shafa da hannu. Faci a gefe, ko kumburi, ko garin roba a ciki wanda ke nuna an taɓa tafiya da ita ba iska, kowanne ya isa ka bar ta. Motarka ta iyali ce mai ɗaukar mutum bakwai da buhu, don haka lambar nauyi ta fi muhimmanci a wurinka fiye da mai salun, kuma kai tayar bas mai harafin C za ta yi maka amfani. In kuɗin sababbi biyu kawai gare ka, ka sa su a baya. Tayar gaba in ta fashe kana da sitiyari a hannu, ta baya in ta fashe da lodi, motar ce ke zaɓar inda za ta.

Tambaya

Baba, ina tuƙa Marsandi 200 ta marigayi maigidana, ta 1982. Ranar nan ina saukowa Hawan Kibo daga Jos, birki ya tafi har ƙasa, da ƙyar na samu na tsaya. Bayan rabin awa ya dawo kamar ba abin da ya faru. Makanike ya duba ya ce ba yoyo. Me ya same ta?

'Yarka, daga Jos

Amsa

Alhamdu lillahi da Allah ya tsare ki, 'yata. Allah ya ji ƙan maigidanki. Abin da kika faɗa alamar man birki ne da ya tafasa. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. A doguwar gangara irin Hawan Kibo, in ƙafa tana kan birki tun daga sama, kalifa tana wuce wannan zafin. Ruwan da ke cikin man sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ya sa fedan ya tafi ƙasa ba abin da ya kama. Da ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo, makanike kuma bai ga yoyo ba don babu shi.

Kada ki sake hawa babbar hanya sai an zubar da man duka an zuba sabo, ana fitar da shi ta kowace ƙafa har sai mai tsabta ya fito. Ƙari a kan tsoho ba ya magani. DOT 4 za a sa, ko DOT 5.1. Kada a kawo miki DOT 5, sunansu ya yi kusa amma na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Koren man nan na tsofaffin Citroën ma yana kumbura robobin motarki. In wani ya ce a zuba ruwan sabulu a lallaɓa zuwa gari, ki ƙi, gara a jawo motar. Motarki faifai gare ta a ƙafa huɗu, don haka a duba ko wata kalifa tana riƙewa, domin ita ma tana dafa mai ko ba a taka birki ba. Daga nan duk shekara 2 a canza man.

In kin zo saman gangarar, ki sa giya ta uku tun kafin ki fara sauka, in ta ƙara tsayi ki koma ta biyu, inji ya riƙe motar. In mai canza giya da kanta ce, ki ja sandar daga D zuwa ƙasa. Birki kuma ki taka da ƙarfi na ɗan lokaci, ki saki ya sha iska, ki sake takawa. Kada ki sa ta a firi don tsimin mai.